Da Rijiyarmu Ta Koma Kore

Litinin, da hantsi

Yau ma an fita da gawa daga lungun nan, ɗan mai gyaran rediyo. Amai da gudawa, kamar sauran. Jiya da la'asar na daka masa tsawa don ya kusa fasa min taga da danƙo, yau ga shi an naɗe shi a tabarma. Na hau keke zan yi ɗinki, ƙafata ta ƙi takawa. Shi ne na juya bayan littafin awo ina rubutu, don in ban juye abin da ke cikina a wani wuri ba, a kan mijina zan juye shi, shi ma kuwa nasa ya ishe shi.

Mijina duba-gari ne. Aikinsa leƙa kwata da bola da bandakin mutane, don haka ba a taɓa murnar ganinsa ba. Ya ce cutar daga rijiyar bakin lungu take, wadda duk muke sha. Wai ramin gidan wankan da ke jikinta ne ya tsage ta ƙasa, ƙazanta na tsiyaya cikin ruwan. Gidan wankan kuwa na Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. To nan gizo ke saƙar.

Talata, bayan azahar

Mun je gidan Inna, ni da shi. Yaya na tsakar gida yana wanke butocin gidan wanka, 'yarsa Tsigi tana jera masa su a rana. Mijina ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya ce, "Yaya, don girman Allah a rufe ramin nan, ko na ɗan lokaci ne, har a duba."

Yaya ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Baba ne ya haƙa ramin, shi ya haƙa rijiyar. Tun kafin a haifi matarka ake sha ake shiga. Sai yau da ka sa kaki za su fara faɗa da juna?"

"Siminti yana tsufa, Yaya."

"Kai ma kana tsufa. An rufe ka?"

Inna ta tuntsire da dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Na ce, "Yaya, yara fa ke mutuwa." Ya ce, "Auta, da ke nake? Je ki taka kekenki." Ya juya ga mijina ya ce, "Ka nuna min da idona. In ba haka ba kada ka ƙara kawo min zancen kashi a tsakar gidan ubana."

Taurin kan Yaya ba yau ya fara ba. Ko yana yaro, in ya ce tunkiya akuya ce, gara ka tafi neman mata bunsuru.

Tsigi ta biyo ni har zaure tana jan gyalena. "Gwaggo, rigata fa?" Na ce sai ta daina shan ruwan da ba a tafasa ba. Ta ce tafasasshe ɗanɗanon tukunya yake yi.

Laraba, da magariba

Ofishinsu sun ce sai an kai ruwan gwaji babban gari, sakamako kuma sai ranar da aka gan shi. Mijina bai ci abinci ba.

Alhamis, da la'asar

Ya shigo hannuwa cikin aljihu kamar wanda ya tsame nama a tukunya. Na ce fito da su in gani. Kore shar, tun daga farce har wuyan hannu.

Na ce, "Me zan gani haka? Rini ka koma?"

Ya ce wani gari ne da suke aiki da shi, ko ƙuda ba ya kashewa. Ana zuba shi a rami, in ramin yana yoyo cikin rijiya, launin zai bi hanyar da ƙazantar ke bi ya ɓulla a ruwan. Ya faki lokacin da Yaya ya tafi kemis, ya shiga gidan wankan da butarsa kamar kowa, ya juye ƙullin a masai. Ledar ce ta fashe masa a hannu.

Na ce, "Ka faɗa wa wani?"

"In na faɗa, Yaya zai bar ni in shiga? Ai shi ya ce in nuna masa. Launin sai ya yi kwanaki kafin ya ratso, kuma ɗan kaɗan ne, sai an ɗebo a kwalba an ɗaga wa rana. Kafin nan na tara dattawa na yi musu bayani. Kwantar da hankalinki, Tela."

In ya ce min Tela, dariya yake nema. Bai samu ba. Mun gurza da sabulu, da toka, da lemon tsami, har da kananzir. Launin nan yana nan daram.

Abin da ya kai Yaya kemis kuwa, Tsigi ce ta fara amai tun da safe. Tun da safe. Shi sai bayan azahar ya shiga gidan wankan. Na je na same ta idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, uwarta na ɗura mata ruwan gishiri da sukari yana dawowa. A hanyar dawowa aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Juma'a, da safe

Rijiya ta koma kore. Ba na kwalba ba, ba na ɗaga wa rana ba. Guga na fitowa kamar an dama ganye a ciki. Mijina ya ce ruwan saman jiya ne ya cika ramin ya turo komai lokaci ɗaya. Daga nan ina jin ihun mata. Ya sa kaki wai zai je ya yi bayani, na kulle ƙofa na jefa makullin cikin rigata.

Juma'a, da la'asar

Tsigi ta rasu. Rigarta na kan keke, hannu ɗaya ya rage.

Asabar, bayan magariba

Dole sai na rubuta wannan.

Mun je gaisuwa da safe, don ba yadda za a yi 'yar Yaya ta rasu mijina bai taka ba. Na roƙe shi kada hannunsa ya bar aljihu. Bai bari ba, har ya zauna cikin maza a ƙofar gidan Inna. Ina zaure zan miƙo musu ruwa aka ce a yi addu'a. Kowa ya ɗaga hannu. Shi ma ya ɗaga.

Mahauci ne ya fara gani, wanda ya binne 'ya'yansa biyu makon jiya. Ya ce, "Ku dubi hannunsa." A hankali ya faɗa, kamar mai tambaya. Sai ya miƙe ya ƙwala shi yadda duk lungun zai ji. "Ku dubi hannun duba-gari! Ga wanda ya zuba mana guba!"

Mijina ya tashi yana cewa jama'a ku saurara, ba guba ba ce, a rami na zuba. Wa ke sauraro? Benci aka fara raɗa masa a baya. Ya faɗi, ya yunƙura, aka hau shi da ƙafa. Na ga bulo, na ga itacen wuta, na ga mutumin da na ɗinka wa matarsa kaya shekaran jiya yana dukansa da sarƙar keke. Na yar da tiren na kutsa ina ihu cewa Tsigi tun da safe ta fara, tun kafin ya zuba, tun da safe! Wani ya ture ni na bugi bango da baki, haƙorina na gaba yana motsi har yanzu. Ina ƙasa na ga an ɗaga rodi sama, na ji saukarsa a kansa. Ƙarar kamar an fasa tulu.

Na ga hannun da ya ɗaga rodin. Shi ya koya min ɗaure igiyar guga. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Wasu sun tafi neman taya da fetur, sai 'yan sanda suka harbo barkonon tsohuwa daga bakin titi. Ko lungun ba su shigo ba, suka harba suka juya. Da hayaƙin ya lafa babu shi a wurin, sai jini da takalminsa ɗaya. Suna can suna nemansa gida-gida.

Na san inda yake. Wannan ma ba zan rubuta ba.

Lahadi, da safe

Yana numfashi.

Litinin, da azahar

Lungunmu baki ɗaya gare shi, bayansa katangar masana'anta ce. A bakin nan samari suka jera tayoyi da benci, Mahauci na zaune da wuƙarsa a cinya. Duk mai fita sai an duba shi, duk buhu sai an kwance. Sun rantse yana ciki, kuma ba zai fita da ƙafarsa ba.

Sun zo gidana da hantsi. Ba su ƙwanƙwasa ba, ƙofar suka ɓalle. Suka farke katifa, suka kifar da randa, suka leƙa har cikin silin. Wani ɗan banza da gemunsa bai gama fitowa ba ya ɗaga kekena ya doka da ƙasa, kan ya rabu biyu. Na ce masa Allah ya tsine wa hannun da ya taɓa abin sana'ata. Mahauci ya shaƙe ni ya manna ni da bango, ina jin ƙarnin nama a hannunsa. Ya ce, "Ina mijinki?"

Na ce, "Ku da kuka kashe shi za ku tambaye ni?"

Ya dube ni, idanunsa jajawur. Ya ce, "Biyu na binne, matar duba-gari. Biyu." Ya sake ni. Wallahi na so in tsane shi gaba ɗaya, abin ya ƙi.

Na kira ofishinsu. Sun ce suna sane, ana tattaunawa. Na kira 'yan sanda, sun ce sai an ƙaro musu mutane. Tattaunawa! Da a kan shugabansu aka sauke rodin da tuni an gama tattaunawar.

Talata, da la'asar

Matar Yaya ta tafi gidansu, ta ce ba za ta iya kallon tabarmar yarinyar ba. Yaya ba ya zama a gida, yana bakin lungu tare da su. Inna ita kaɗai ce, don haka kullum ina can. Ba wanda zai ce don me 'ya ke kai wa tsohuwa abinci. Wata maƙwabciya ta ce, "Kai, Inna ta ƙara ci, kwano biyu?" Na ce baƙin ciki ne, wasu yana hana su ci, wasu yana buɗe musu ciki.

Mai kemis ya ƙare ni da kallo da na ce ya ba ni bandeji da maganin ciwo. Na ce Inna ce ta yanke da wuƙa. Ya ce, "Yankan wuƙa da bandeji har haka?" Na ce wuƙar babba ce. Ya naɗe min a jarida, ya ƙara da ƙwayoyin da ban tambaya ba, ya ce kada in ƙara zuwa.

Laraba, da yamma

An turo tankar ruwa mai tsabta daga ofis. Samarin sun fasa gilashinta, sun jawo direban sun karya masa hannu, sun buɗe famfon ruwan ya malale a kwata. Wai su ma 'yan guba ne. Na tsaya ina kallon ruwa fari tas yana bin kwata, mata riƙe da bokiti ba wadda ta isa ta tara.

Alhamis, da hantsi

Sun yashe rijiyar, koren ya tafi, sun ci gaba da sha. Gidan wanka na buɗe. Layi a nan, layi a can, bango ɗaya tsakaninsu.

Tun da safe Tsigi ta fara. Kafin ya zuba.

Juma'a, bayan azahar

An fita da uku. Yanzu cewa suke yana fitowa a ɓoye yana ƙara zubawa. Sun fara duba tafin hannun duk wanda ya zo wucewa. Wani mai fenti, baƙo ne ma, ya shigo neman kwatance da koren fenti a yatsunsa. Ban gani ba, ihunsa na ji. Ya daɗe yana yi, sannan ya daina. An ce an ɗauke shi a amalanke yana motsi. An ce.

Asabar, da la'asar

Yau na kusa mutuwa a tsaye. Yaya ya shigo gida ba zato, ya ce Inna ta ba shi abinci. Duk faɗin tsakar gidan bai ga wurin zama ba sai jikin ƙofar sito, ya jingina bayansa da ita. Siton da Inna ta sa wa sabon kwaɗo. Ya rame, gashin bakinsa ya yi buzu-buzu, yana tura loma ba ya ko taunawa. Sai aka yi tari daga ciki.

Inna ta kama tari nan take, tana bugun ƙirji, har da hawaye. Ta ce hayaƙin 'yan sandan nan bai bar ta ba. Yaya ya tsaya da loma a hannu, ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Auta, ba ki ce min komai ba tun ranar."

Na ce, "Me kake so in ce? Sannu da aiki?"

Ya ajiye kwanon ya fita.

To na gaji da ɓoye wa takarda. A siton yake, bayan buhunan gawayi. Ni da Inna muka ja shi cikin hayaƙin nan, ita ƙafa ni kafaɗa, tsohuwar da ko bokiti ba ta iya ɗagawa. Na tambaye ta yau me ya sa ta yi, ga shi jikarta ce aka binne. Ta ce, "Ke dai ba ki da hankali. Ba don mijinki na yi ba. In ya mutu, ɗana ya zama mai kisan kai. Ina raye ba za a kira shi haka ba."

Lahadi, da safe

Ciwon ya fara wari. Gefen kan ya kumbura har idon hagu ya rufe. Jikinsa zafi rau. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa, ya ce in ce wa mutane su tafasa ruwa. Na ce to. Na ce masa to, ni da ko bakin lungu ba na iya fitar da shi.

Litinin, da magariba

Bai sha komai ba. Na jiƙa tsumma ina matsa masa a leɓe. In bai ga likita ba cikin makon nan, a siton zan yi takaba. Na tsani lungun nan, na tsani rijiyar, na tsani Baba ma a kabarinsa da ya haƙa su kusa da juna, Allah ya yafe min. Shi ma mai koren hannun ina jin haushinsa. Mutum da iliminsa, ya rasa ranar gwaji sai ranar da hadari ya haɗu, ya rasa wanda zai faɗa wa sai tela.

Talata, da hantsi

Inna ta fara amai. Ashe ni take tafasa wa, ni da na sito, ita tana sha daga randa don kada gawayi ya ƙare a ga ana buɗe sito kullum.

Alhamis, da la'asar, a asibiti

Na jiya zan rubuta. A kan bencin baranda nake, ba mai kallona.

Da gari ya waye Inna ba ta iya ɗaga kai. Na aika aka kira Yaya. Ya shigo da gudu, ya gan ta, ya ce a kawo tsohuwar katifar da ke sito a shimfiɗa mata a kurar ruwa. Na ce makullin ya ɓata. Bai ko saurare ni ba, ya ɗauki taɓarya ya doke kwaɗon. Na riga shi shiga, na faɗa kan mijina na rufe shi da jikina.

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa da taɓaryar a hannu. Warin ya buge shi, ya ga bandejin, ya ga fuskar da ba ta ganuwa. Na ce, "Ƙarasa. Amma ta kaina za ka fara, sai ka je ka faɗa wa Inna."

Ya tsugunna. Ya kama hannun mijina ya juya, launin ya dushe sai a gindin farce. Ya ce, "Duba-gari. Kana jina? A ina ka zuba?"

Ban zaci zai amsa ba. Ya buɗe idon da ya rage ya ce, "A rami, Yaya. Ɗakin ƙarshe, mai karyayyar sakata."

Yaya ya saki hannun, Inna na kakari a tsakar gida. Sannan ya ce, "Na sani. Ni na wanke daɓensa ranar Juma'a da safe. Duk ya yi kore. Na wanke kafin kowa ya shiga."

Na ce, "Ka sani?"

Bai dube ni ba.

"Ka sani ka ɗaga rodin?"

Ya ce, "Auta, in ba shi ba ne, to ni ne. Ni na kashe ta. Da hannuna nake ɗebo mata ruwan."

Na kwaɗa masa mari. Tunda aka haife ni ban taɓa ko ɗaga masa murya sosai ba, jiya na mare shi, na ƙara, na yakushe shi har farcena ya karye, ina ce masa azzalumi, matsoraci, ka bar mutane suna sha, ka bar mai fenti, ka bar Inna. Bai kare ba. Da na gaji ya share jinin kumatunsa ya ce, "Kama ƙafarsa."

Ya jawo kurar wani ɗan garuwa, ya sauke jarkokin. Muka kwantar da mijina a ƙasa, muka rufe shi da katifar, muka ɗora Inna a kai da tabarmin da ta ɓata, kaca-kaca, ƙuda na bi. Yaya ya tura, ina gefe riƙe da hannun Inna.

A bakin lungu samarin suka ja baya suna toshe hanci. Mahauci ya miƙe ya ce, "Subhanallahi, har Inna?" Yaya ya ce, "Har ita. Ku ba ni hanya." Wani ya matso da sanda zai ɗaga gefen katifar, Mahauci ya daka masa tsawa, "Kai, uwar mutum ce!" Da kansa ya janye bencin. Har addu'a ya yi mana.

Muka fito titi. Yaya ya tare wata a-kori-kura, direban ya ga Inna ya ce a ɗora. Titin kuwa daga shingen ana hangensa sarai. Muka ɗora Inna. Sannan dole aka ɗaga katifar.

Ihun da ya tashi bayanmu, ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar Asabar. Yaya ya sunkuci mijina shi kaɗai ya jefa shi cikin motar, ya cicciɓe ni ya wurga ni a kansa, ya rufe murfin baya. Na miƙa masa hannu na ce hau. Ya ce, "In na hau za su cim mana a kwana, ga cunkoso." Ya bugi jikin motar ya ce wa direba, "Taka!"

Ina kallo ya juya kurar ya gicciye ta a bakin lungun, inda ya fi matsewa, ya riƙe ta da hannu biyu ya kafa ƙafa. Suka zo suka yi karo da ita. Ya riƙe. Na ga sanda ta sauka a kafaɗarsa, ya riƙe. Na ga bulo. Na ga wuƙar Mahauci ta yi walƙiya a rana. Sai motar ta sha kwana.

Juma'a, da safe

An yi wa mijina aiki a kai. Likita ya ce idon hagun ya tafi, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Inna na ɗakin mata ana ƙara mata ruwa.

Asabar, da azahar

Mai kemis ya zo. Ya tsaya nesa yana murza hularsa. Ya ce an binne Yaya shekaran jiya, mutum kaɗan ne suka bi. Ya ce bayan sun gama da shi sun cinna wa gidan wankan wuta, wai gidan maci amana, ginin ya rufta cikin ramin ya toshe shi. Na ce ya isa. Ya ce akwai sauran bayani kan yadda aka same shi. Na ce na ce ya isa.

Talata, da la'asar

Maƙwabciyar nan mai ƙirga kwanon Inna ta zo dubiya. Wai tun da aka ƙona wurin cutar ta fara lafawa. A lungu ana cewa ai ga shi nan, da aka kawar da mai guba da mai ɓoye shi an samu lafiya. Har ta ce min, "Ke ma ki gode wa Allah, ba ki san da wa kike zaune ba." Na karɓi lemon da ta kawo na jefa a kwandon shara tana kallo.

Inna ta fara zama. Sau biyu tana tambayata me ya hana Yaya zuwa. Na ce yana gadin gida. Ta daɗe tana kallona, daga nan ba ta ƙara tambaya ba, ta juya fuska bango.

Laraba, da hantsi

Mijina ya farka. Ya gane ni, ya ce, "Tela, me ya sami haƙorinki?" Na yi dariya, na yi kuka, nas ta zo ta ce in rage murya. Likita ya ce ya tsallake.

Ya sha shayi rabin kofi, sannan ya tambayi wanda ya fito da shi. Na ce Yaya ne, a kura.

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Shi ne fa ya..." ya taɓa bandejin.

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "In ya zo dubiya, don Allah kada ki yi masa faɗa. 'Yarsa ce ta mutu. Ki bar ni da shi, ina so in yi masa godiya."

Na ce to. Na gyara masa filo, na fito bayan ɗakin wanki inda ba mai jina.

Mijina na da rai. Na roƙa, an ba ni, kuma wallahi ina murna. Yaya, kana ji? Ina murna. Allah ya isa tsakanina da kai. Allah ya jiƙanka, Yayana.